Yadda ake ɗauko kare ko magen titi a yi jinyarsu ba tare da an jawo wa kai masifa ba

Magen farko da na taɓa ɗaukowa daga titi ni ne silar mutuwarta, ba da gangan ba dai amma ni ne. 'Yar mitsitsiya ce ko ido ba ta gama buɗewa ba, na tsince ta a bakin kwalbati bayan an ɗauke ruwa tana ta tsala kuka, na kawo ta gida na fasa madarar gwangwani na dinga ɗura mata da cokali ina ta jin daɗi wai ni ga mai tausayi. Kwana biyu ta yi tana zawo, rana ta uku da asuba na tarar da ita a sandare cikin kwali. Da na ba wani likitan dabbobi labari sai ya girgiza kai ya ce "Malam ai sanyi da madarar nan ne suka kashe ta, da ka fara ɗumama ta kafin ka ba ta komai da wataƙila tana nan." Tun daga ranar na gane abin nan yana da tsari, akwai na fari akwai na biyu, in ka juya su sai ka cutar da dabbar ko ka cutar da iyalinka.

Toh mataki na farko ba ɗauka ba ne, tsayawa ne daga nesa ka ƙare mata kallo. Abin da kake dubawa kafin komai shi ne alamar haukan kare. Kare yana dalalar da yawu, muƙamuƙinsa a sake baki ba ya rufuwa, yana kai cizo ga iska ko icce ko dutse, yana tangaɗi kamar ɗan maye ko ƙafafun baya sun shanye, muryar haushinsa ta canza, wannan ko kusa da shi kar ka je, ka kori yara ka kira asibitin dabbobi na jiha ko ofishin gona na ƙaramar hukuma. Kuma ba kowane mahaukacin kare ne yake faɗa ba, akwai wanda zai lafe shiru kamar mara lafiya kawai, wani ma sai ka rantse ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, ka ce bari ka sa hannu ka ciro masa, dan Allah kar ka sa hannu a bakin karen da ba ka sani ba. Mage ma tana kamuwa da wannan ciwon, mutane sun fi mantawa da ita ne kawai.

Sannan ka tambaya ko yana da mai shi. Yawancin karnukan da muke ce wa na titi ba na titi ba ne, na maigadin wani kango ne ko na 'yan farauta ko na bakanikai, sakinsu ake yi su nemi na kansu. Tambayi mai shayi da mai kanti na layin, su suka san kowace dabba. In kuma 'ya'yan mage ne ka gani a lungu a tsabtace cikinsu a cike suna barci, uwar tana nan kusa ta je neman abinci ne, kar ka kwashe su. Ka barbaɗa toka ko gari kewaye da wajen ka tafi, ka dawo bayan awa uku ko huɗu, in ka ga sawunta shi ke nan, ita za ka dinga ajiye wa abinci ba 'ya'yan ba.

Mataki na biyu kamawa, kuma nan haƙuri ake so. Karen titi ya sha jifa tun yana kwikwiyo, duk wanda ya sunkuya a gabansa a zatonsa dutse zai ɗauka, don haka kar ka tunkare shi gaba da gaba kana kallon ƙwayar idonsa, ka tsuguna a hankali ka ba shi gefenka, ka ajiye abinci ka ja da baya. Kullum waje ɗaya lokaci ɗaya, ni bayan magariba nake yi lokacin da yara suka shige gida. Wani kwana uku ya saba, wani sai ya kai sati biyu kafin ya yarda ka sa masa igiya. In rauni ne da shi ba a iya jira, sai ka sa masa takunkumi, don ko karen gidanka in ciwo ya ishe shi zai cije ka. Ka samu bandeji ko tsumma mai tsawo, ka yi zarge a tsakiya, ka tsaya ta bayansa ka zura a bakin ka ja ya ɗaure a saman hanci, ka zagayo ka sake ƙullawa a ƙarƙashin haɓa, sai ka kai bakin tsumman biyu bayan kunnuwa ka ɗaure. Na 'yan mintuna ne kawai fa, domin kare da baki yake fitar da zafi, kuma in yana amai ko numfashi na masa wuya ba a sa masa. Wanda mota ta buge kuma ba a ɗaga shi ta ƙafa, a hankali za ku ja shi kan tabarma ko bargo ku biyu ku ɗaga tare.

Mage kuwa tawul mai kauri za ka jefa mata ka naɗe ta gaba ɗaya har ƙafafun, ka sa ta a kwando mai murfi ko kwali da ka huda wa ramuka ka ɗaure da igiya. Kar ka rungume ta a ƙirji ka hau mashin, ƙarar hon ɗaya za ta yage ka ta dire. Kar ka sa ta a buhun leda. In za ka ɗauki adaidaita ka yi shata kuma ka faɗa wa direban abin da ke cikin kwalin tun kafin ku tashi, na taɓa ɓoyewa, a tsakiyar titi ya ji kuka ya taka birki ya ce in sauka. Yara kuma ba a sa su wannan aikin ko da su suka fi ka iya gudu.

Yanzu in tsautsayi ya sa an cije ka ko an yakushe ka, wannan shi ne wajen da nake so ka karanta sau biyu. Nan take ka wanke wajen da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, ka duba agogo don minti 15 yana da tsawo, in ba famfo wani ya dinga zuba maka da buta, sannan ka shafa aidin ko sifirit, ka tafi asibitin mutane a ranar ba gobe ba, ka ce musu kare ne ko mage da ba a san tarihinta ba. Za su fara maka allurar rigakafin haukan kare, a ranar farko da ta 3 da ta 7 da sauran ranar da za su rubuta maka, kuma sai ka cika su duka, in cizon ya yi zurfi ko a fuska ne ko wuya ko yatsu akwai wata allurar daban da ake yi a bakin ciwon. Masu cewa a tsige gashin karen a ƙona a shafa, ko a je a yi tofi a zauna gida, ka yi addu'arka amma ka je asibiti, don wannan ciwon da zarar alamarsa ta bayyana a jikin mutum kusan ba mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 yake kashewa duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar kare, kuma wajen kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, saboda yaro zai ɓoye yakushi don kar a dake shi. Ɗan hakin da ka raina kenan. Dabbar da ta yi cizon kuma in ana iya killace ta kar a kashe, a sa mata ido kwana 10, in ta kai lafiya ƙalau toh lokacin da ta yi cizon ba ta yaɗa cutar, in ta mutu a sanar da likitan dabbobi ya san yadda za a kai kan a gwada, cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana wannan gwajin. Amma ba a zama jiran kwana goman kafin a fara allura.

Mataki na uku, ka tanadi inda za ka killace ta tun kafin ka kawo ta. Tsohon ɗakin kaji da aka wanke, ko sito, ko wani lungu da za ka kange, inda yara da awaki da kaji da magen gidanka ba za su kai ba, sati biyu aƙalla. Kwanonta daban, tsintsiyarta daban, har silifas ɗin da kake shiga da shi ka bar shi a bakin ƙofar, in ka fito ka wanke hannu da sabulu. Mage ka zuba mata yashin gini a tsohuwar roba, ba sai ka koya mata ba ita da kanta za ta je, ka dinga kwashewa kullum, amma mace mai ciki kar ta kwashe kashin mage, akwai cutar da ke iya taɓa jaririn da ke cikinta. Ka sani kuma sati biyun nan ba ya nuna dabba ba ta ɗauke da hauka, ciwon yana iya kwanciya wata biyu wata uku kafin ya fito, don haka ko bayan nan ka ci gaba da lura, kar ka bari tana lasar yara a fuska ko a kan ciwo.

Ruwa shi ne farko, abinci daga baya. Dabbar da ta daɗe da yunwa haƙarƙari duk a waje, in ka cika mata kwano ta cinye tashi ɗaya sai ta amayar ko ma abin ya fi haka, kaɗan-kaɗan za ka ba ta sau huɗu ko biyar a rana, farar shinkafa da dafaffen ƙwai ko kifin da ka cire wa ƙaya, ba mai ba yaji ba magi. Bayan kwana uku zuwa huɗu ka dinga ƙarawa. Kare zai rayu da ragowar tuwo da shinkafa in dai ana haɗa masa da abin nama, ka saba da mahauci ɗaya ya dinga ajiye maka huhu da tumbi da guntattaki, ka tafasa kafin ka ba shi. Mage kuwa ba ta rayuwa da tuwo zalla, jikinta nama yake buƙata, kifi ko kayan ciki ko ƙwai dole ya shiga abincinta kullum. Abin da ba a ba su: albasa da tafarnuwa (suna lalata musu jini, kuma miyarmu duk albasa ce, ka lura), cakulan, goro, inabi, da dafaffen ƙashin kaza da yake tsagewa ya soki hanji.

Mataki na huɗu asibiti, a cikin kwana ɗaya ko biyu na farko in da hali, in kuwa akwai karaya ko jini ko amai ba tsayawa toh a ranar. Kusan kowace jiha tana da asibitin dabbobi na gwamnati, ga kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i kamar na ABU a Zariya da na Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri. Ka bambance likita da mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa, wannan na biyun ya san maganin shanu da tumaki amma sai ya auna wa mage da ido, likita na gaskiya yana da rajista da majalisar likitocin dabbobi ta Najeriya. In ka je ka ce "Dakta daga titi na ɗauko ta, ban san komai a kanta ba", ka faɗi ranar da ka same ta da abin da ta ci da yanayin kashinta, ka tambayi kuɗin komai tun kafin a fara don kar a yi rabi a tsaya. Ka tabbata an ɗora ta a sikeli, duk maganinsu da nauyi ake ba da shi. Zai ɗaga leɓe ya duba dasashi, in ya yi fari fat maimakon ja-ja toh jini ya yi ƙasa, yawanci kaska ce ko tsutsar ciki.

Abubuwan da za ka fito da su daga wajensa: maganin tsutsar ciki da ranar maimaitawa, maganin kaska da ƙuma wanda ya dace da irin dabbar, da jadawalin allura. Ta hauka ana yin ta daga wata 3, a maimaita duk shekara, kuma ka karɓi katin shaida ka adana, ranar da karen ya yi cizo wannan katin ne zai raba ka da rigimar unguwa. Kwikwiyo yana da wata allurar haɗaka da ake farawa daga sati 6 zuwa 8 a dinga maimaitawa duk sati uku ko huɗu har ya kai wajen wata huɗu, ita ke kare shi daga fabo, ciwon nan na amai da zawon jini mai ɗoyi da ke kwashe kwiyakwiyai cikin 'yan kwanaki. Mage ma tana da tata haɗakar. Ka kalli inda aka ciro allurar, daga firij ko kula mai ƙanƙara ya kamata ta fito, wadda ta kwana a aljihu cikin zafin nan ruwa ce kawai. In dabbar tana cikin ciwo likita zai iya cewa a bari ta warware tukuna, ka bi maganarsa. In kuma fabo ya taɓa shiga gidanka, ƙwayar tana watanni a ƙasa, ka wanke siminti da kwanuka da bilic, murfi ɗaya a murfi 30 na ruwa, kuma kar ka kawo sabon kwikwiyo mara allura wajen.

Bari in tsaya a kan maganin gida, don nan ne ake garin neman gira a rasa ido. An taɓa kawo min kwikwiyo mai ƙazuwa an shafe shi da baƙin man inji tun daga kai har wutsiya, wai shi ne maganin, yana ta lasa yana amai fatar duk ta ƙone, kwana muka yi muna wanke shi da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke. Baƙin mai guba ne. Fiya-fiya guba ce, ba a fesa wa dabba don kashe kaska. Farasitamol ko ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage, ibuprofen kuma yana lalata ciki da ƙodar kare da mage duka. Dettol da Izal ba a wanke mage da su ba a goge ɗakinta da su. Maganin kaskar kare mai sinadarin permethrin in ka ɗiga wa mage sai ta kama karkarwa da farfaɗiya. Ƙazuwa tana da allura da maganin sha a wajen likita, makonni take ɗauka amma gashin yana dawowa tas.

Abin da za ka iya yi da kanka shi ne wanke ƙaramin ciwo da ruwan gishiri, ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, sau biyu a rana, ka hana ƙuda sauka. Kaska ka kama ta da matsefata daf da fata ka ja a miƙe a hankali ka jefa a kananzir, kar ka murƙushe ta da farce, ka duba cikin kunne da tsakanin yatsu nan suke taruwa. Da damina kuma in ka ga ƙuraje masu ɗan rami a tsakiya a cikin kwikwiyo, tsutsar ƙuda ce daga kwanciya a danshin ƙasa, ka toshe ramin da basilin ka ɗan jira sai ka matsa a hankali ta fito.

Jarirai marasa uwa su ne aiki mafi wuya, kuma gaskiya ba duka suke rayuwa ba ko ka yi komai daidai. Ɗumi tukuna: ka zuba ruwan ɗumi a gora ka naɗe da tsumma ka sa a gefen kwalin, sai jikinsu ya yi ɗumi kafin ka ba su komai. Akwai madararsu ta musamman a shagunan kayan dabbobi na manyan garuruwa, in babu ita, nonon akuya da aka tafasa ya huce zai riƙe su kwana ɗaya ko biyu kafin ka samo. Da sirinji mara allura, ɗigo-ɗigo, suna kwance rub da ciki ba rigingine kamar jaririn mutum ba don kar su shaƙe, duk awa biyu zuwa uku har cikin dare. Bayan kowane ci ka jiƙa auduga da ruwan ɗumi ka dinga shafa musu ƙarƙashin wutsiya har su yi fitsari da kashi, aikin da uwar take yi da harshe kenan, ba sa iya yi da kansu sai sun kai wajen sati uku. Daga sati huɗu su fara lasar abinci mai laushi. In akwai wata mage mai shayarwa a unguwa ka gwada kai mata, sau da yawa tana karɓa, ta fi ka iyawa nesa ba kusa ba.

Sai makwanci na dindindin. Ba sai ka kashe kuɗi ba, katakon falet da 'yan kwanon rufi biyu sun isa, amma ka ɗaga ƙasan daga ƙasa saboda danshi da kaska, ka sa zana ko kwali a ƙarƙashin kwanon, kuma ya zama a inuwa, don a watan Afrilu ɗakin kwano a rana tanda ne. Ƙofar ta kalli kudu, tunda ruwan damina daga gabas yake kaɗowa iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. Ruwa ya kasance a gabansu ko yaushe. In dole sai an ɗaure kare igiyar ta yi tsawo ya iya kai inuwa da ruwa, a dinga kwance shi safe da yamma, abin wuyan kuma yatsunka biyu su iya shiga, ka dinga dubawa duk sati in kwikwiyo ne, na ga wanda ya girma igiyar ta nutse cikin naman wuyansa. Da hunturu kuma kafin ka tayar da mota da safe ka bubbuga bonet, maguna suna shiga injin neman ɗumi.

Maƙwabta kar ka raina su, su ne za su sa aikin ya ɗore ko a wayi gari an zuba wa karen guba. Ka je da kanka ka gaida dattijon layin ka ce "Baba ga abin da nake yi, an yi masa allura ga katin, in ya dame ku ni za a faɗa wa", in abin ya fi ɗaya biyu ka sanar da mai unguwa. Ka kwashe kashi kullum, kar ka bar haushin dare ya hana mutane barci, kar ka bari ya bi kajin mutane. Wanda ya zo maka ta fuskar addini ba sai kun yi musu ba, kowa ya san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa da na matar da ta shiga wuta saboda magen da ta kulle ba ci ba sha, kuma an yi izinin ajiye kare don farauta da kiwo da gona, shi ya sa ni kare ba na shigar da shi ɗaki, jinya nake masa a waje in nema masa inda zai yi aiki.

Maganar haihuwa kuma ita ce ke cinye masu wannan aikin. Cikin mage wata biyu ne da 'yan kwanaki, tana iya ɗauka tun tana wata biyar, ta haihu sau biyu ko uku a shekara, ka fara da biyu kafin ka ankara sun cika gidan abinci ya gagara ciwo ya shiga. Likita yana dandaƙe namiji ya cire wa mace mahaifa da allurar barci, ba irin dandaƙar bunsuru ta gida ba, in kana da shakka a kan hukuncinsa ka tambayi malaminka. Wadda ba ta sabuwa da mutum ko kaɗan, a yi mata aikin da allurar hauka ta warke a mayar da ita inda aka ɗauko ta a ci gaba da ajiye mata abinci. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura cutar hauka tana yankewa, kuma duk 28 ga Satumba ranar yaƙi da ita ce a duniya, sau da yawa ana yin allura kyauta a lokacin, ka kasa kunne a rediyo ka gaya wa 'yan farauta da masu gadin layinku.

Ka yanke wa kanka adadi tun farko, ni uku ne, in sun cika sai ɗaya ya tafi wani ya shigo. Kare ka nema masa mai gona ko mai garke ko mai lambu, mage kuma masu shagon hatsi da masu sito suna nemanta saboda ɓera. Ka yi hattara da wanda ya zo yana cewa a ba shi duk karnukan da kake da su ko nawa ne, ba ya tambayar allura sai girman jiki, irin wannan mutumin kasuwar naman kare zai kai su. Wanda ka yarda da shi ka ba shi katin, ka rubuta masa ranar allura ta gaba a bayansa da biro, ka haɗa masa da tsumman da dabbar ta saba kwanciya a kai, in mage ce ka ce ya kulle ta a ɗaki sati biyu kafin ya sake ta in ba haka ba za ta kamo hanya ta dawo. Bayan sati ɗaya ka leƙa ba tare da ka sanar ba, ka fara duba kwanon ruwan.